Tutar da Basiru Ya Gada

Ɗan kabu-kabun ya ja birki a bayan wata tirela, ya dafa ƙasa da ƙafa ɗaya.

"Nan fa sai an ba mu hannu," in ji shi. "Masu aikin ruwa ne suka cinye rabin titi."

"Dama nan zan sauka," Delu ta ce.

Ta sallame shi, ta gyara hijabinta, ta bi gefen kwalta tana wuce motocin da suka yi layi. Hantsi ne, amma zafin bazara ya riga ya sauka, har kwaltar tana ɗaukar ido. Wata huɗu da kwana goma rabonta da taka titi, shi ya sa take jin ƙafafunta kamar na aro. Jiya ta fita takaba. Da safe ta ce wa Inna, uwar mijinta, za ta zaga ta yi wa mutane bangajiyar ta'aziyya. Ba ƙarya ta yi ba, amma ba ta faɗi duka ba. Abin da ya fito da ita shi ne ta raba Basiru da titin nan, tun kafin shi ma a kawo shi gida a bayan mota an lulluɓe shi da zane.

Tun daga nesa ta hango shi. Yana tsaye a tsakiyar hanya, jar tuta a hannun dama, waya a hagu, sanye da rigar nan mai ƙyalli ta masu aikin titi. Ta san rigar. Ita ce ta biyun, wadda mijinta Ɗangana ya bari a kan igiya ranar da ya fita bai dawo ba. Basiru ƙaninsa ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ta baya, in mutum bai lura ba, sai ya rantse Ɗangana ne.

Kamfanin da yake wa aiki yana binne bututun ruwa ne a gefen hanyar da ta fita daga Yelwa ta nufi Kontagora. A yawancin wurare ramin can gefe yake, ba ruwansa da motoci. Amma a wannan kwana dutse ya matse titin, dole ramin ya ci hannu ɗaya, ya bar ɗaya ga masu tafiya da masu dawowa. Dutsen kuma ya yi taurin kai, wata bakwai ana fama da shi ba a wuce ba. Mai tutar wannan baki ba ya ganin na wancan bakin, don tudu ya tare. Sai suka yi dabara irin tasu: idan wancan ya tsayar da motocinsa, ya yi wa wannan filashin a waya, shi kuma ya saki nasa.

Basiru ya waiwayo ya gan ta.

"Kai, kai, kai! Wa nake gani haka? Ke da aka ce ki zaga gidaje, sai ki zago titi? Faɗi gaskiya, kewata ce ta hana ki zama."

"Kewar wa?" ta ce, tana ƙoƙarin murmushi. "Kai da ko kyauta aka ba da kai sai an haɗa da buhun gero kafin a karɓa."

"Kin ji ki ko! To bari in tashi aiki, yau sai kin..."

Bai ƙarasa ba. Wata ƙaramar mota baƙa ta fito daga can bayan layi, ta hau hannun da ba nata ba, ta taho a guje tana hon. Basiru ya yi tsalle ya tare gabanta, ya buɗe hannuwa kamar mai tare akuya. Tayoyi suka yi ƙara. Motar ta tsaya, hancinta yana shafar wandonsa.

"Kai! Saƙon lahira aka ba ka?" Basiru ya daka wa direban tsawa.

"Matsa mini, ɗan tuta! Sauri nake yi."

"Su waɗannan da ka wuce barci suka zo yi? Koma baya!"

Ya juyo wajen Delu yana dariya.

"Kullum haka ne?" ta tambaye shi.

"Wannan ai wasa ne. Ki zo ranar kasuwa ki ga aiki. Kada ki damu, mun gyara tsarin. Yanzu filashin biyu muke yi, ba ɗaya ba."

"Ina Madam, injiniyarku?"

"Tana kwantena, ofishinta. Ki gaishe ta da kyau, mutuniyar kirki ce."

Wayarsa ta yi ƙara, ta katse, ta sake yi. Ya sauke tuta ya fara kiran motoci da hannu.

Delu ta bi ta gefen ramin, inda leburori suke sara da diga, wasu suna kwashe tsakuwa da kwanon sarki. Waɗanda suka gane ta suka dakata suna cewa, "Ya ƙarin haƙuri?" Tana amsawa kanta a ƙasa. Ba ta tambayi inda abin ya faru ba. Akwai wani wuri a tsakiyar kwanar da duk wanda ya gaishe ta sai ya kawar da idonsa daga gare shi.

An ba ta labarin har ta haddace. Ranar kasuwa ce. Ɗangana ya saki motocinsa, wata bas cike da mata masu komawa ƙauye ita ce a gaba. A can wancan bakin, wayar Dogo, abokin aikinsa, ta yi ƙara sau ɗaya ta katse. Rana tana dukan fuskar wayar, bai ga suna ba, dama kuma ya daɗe da daina duba suna. Ashe 'yarsa ce da ke aure a Shanga take son ya kira ta. Dogo ya ba wata a-kori-kura hannu. Ƙanƙara ta ɗauko, tana sauri ta kai wa masu kifi a bakin ruwa kafin ta narke. Ɗangana ya jiyo ƙugin injin. Ya buga gefen bas ɗin ta tsaya, ya ruga cikin kwanar yana kaɗa tuta. Direban a-kori-kurar ya taka birki iya ƙarfinsa, amma sai da motar ta buge Ɗangana. Bas ɗin ko ƙwarzane ba ta yi ba.

Kowa ya ce kwana ne ya ƙare. Ita ma haka take cewa. Amma akwai abin da ba wanda ya sani sai ita da Madam Christiana, injiniyar da ke kula da aikin.

Mako uku kafin ranar, kamfani ya aiko da fitilun danja guda biyu masu taya, don a kafa a bakunan kwanar. Ɗangana ya dawo gida ya kasa cin tuwo. Ya ce ana raɗe-raɗin za a sallami masu tuta. Delu ta tuna shekarun da yake su a tafki, ya wuni a kan ruwa ya dawo da abin da bai rufe gindin ƙwarya ba. Washegari, ba da saninsa ba, ta zo nan ta baya, ta durƙusa a gaban Madam, ta riƙe mata ƙafa. Ita da ko a gaban mai kayan miya ba ta iya ɗaga murya, ranar ta yi kuka ta yi magiya, har Madam ta ce to, za ta ajiye fitilun sai an wuce wannan kwana. Ta kuma roƙe ta kada ta gaya masa ta zo. Da yamma ya shigo gida da rake da fara'a, ya ce Allah ya taimaka, an fasa.

Ƙofar kwantenar a buɗe take. Madam Christiana tana zaune a gaban takardu, ƙaramar fanka tana hura mata iska mai zafi. 'Yar wajen Ngaski ce, gajera, mai kaifin murya. Da ta ga Delu sai ta miƙe tsaye har hular kwanonta ta faɗi daga kan teburi.

"Maman Nafisa! Shigo. Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya, Madam."

"Ya yara? Ya Inna?"

"Lafiya lau suke."

Ta ba ta kujera, Delu ta ƙi, ta tsuguna a bakin ƙofa. Daga nan tana iya ganin ƙuryar kwantenar. Ga fitilun nan a ƙarƙashin tamfal, tayoyinsu sun leƙo. Zanzaro har ya yi gini a jikin ɗaya.

Delu ta maido da kallonta kan Madam.

"Madam, roƙo na zo yi."

Christiana ta rufe ido. "Wancan karon ma haka kika fara."

"Ki fito da su."

"Kina tsammanin ban gwada ba?" Ta je ta yaye tamfal ɗin. Kowace kamar baro take, da doguwar sanda, a samanta fitila ja da kore, ga farantin sola a gefe. "Kin gan su. Magana suke yi da juna ta iska. Muddin wannan ta nuna kore, waccan ba za ta taɓa nuna kore ba, ko wa ya kira ta a waya. Bayan sadakar bakwai na fito da su da hannuna. Mutanen nan suka ajiye diga da shebur suka zauna. Kwana biyu ba wanda ya ɗaga tsinke. Helma, shugaban leburori, ya zo, mai unguwarku ya zo, dattawa suka zo. Suka ce al'adar aiki ce, idan mutum ya faɗi a bakin aiki, ɗan'uwansa ke gadon wurinsa don marayu su ci abinci. Suka ce ba za a kashe mutum a kuma kashe gidansa ba. Da sunanki suka zo, Maman Nafisa. Ni wace ce da zan ce a'a, ni da na..."

Ta mayar da tamfal ɗin.

"Ni ban aiko kowa ba," Delu ta ce. "Ina ɗaka."

"Na sani. Amma da sunanki aka ɗaure, sai da bakinki za a kwance. Idan ni na faɗa, za su ce kamfani ne. Ke za ki faɗa, a gabansu."

Delu ta leƙa waje wajen ramin. A gaban maza sama da ashirin.

"Kuma ki san abin da kike nema," Christiana ta ci gaba. "Fitilun mutum ɗaya suke buƙata, mai goge sola, mai tura su, ya zauna a inuwa yana lura. Dogo ya fi kowa daɗewa, shi za a bari. Basiru zai tafi. Ba ni da gurbin lebura ko ɗaya. Me za ku ci?"

"Zan koma suyar kifi a bakin ruwa. Na iya."

"Zai riƙe gida biyu?"

"Ba zai riƙe ba."

Christiana ta dube ta, ta daɗe tana dubanta. Sannan ta zo ta tsuguna kusa da ita, kamar ba Madam ba.

"Akwai maganar da na riƙe wata biyar. Na ce ba zan faɗa miki ba har in mutu. Amma ta hana ni sakewa, ko a coci na durƙusa ita nake ji." Ta rage murya. "Kwana huɗu kafin rasuwarsa, Ɗangana ya same ni a nan. Nan inda kike. Ya ce, 'Madam, ki fito da abin nan. Ko ni za a sallama, na yarda, in koma ruwa. Wallahi ƙafafuna rawa suke yi a kan titin nan. Wata rana wayar nan za ta yaudare mu.' Ya ce kada in gaya wa iyalinsa, don kada hankalinki ya tashi."

Delu ta juyo ta dube ta.

"Me kika ce masa?"

"Na ce ya yi haƙuri sai an wuce kwanar. Na riga na yi miki alkawari."

Fankar tana ta juyawa. A waje wani yana kiran a kawo ruwa. Delu ta tuna daren rake, yadda ya feƙe mata gaɓa mafi zaƙi yana dariya. Ta tuna kuma kwanakin da suka biyo baya, yadda yake daɗewa wajen ɗaura takalmi da safe, ita kuwa tana ce masa ya yi sauri kada ya makara. Ta ja bakin hijabinta ta toshe bakinta. Kukan bai fito da sauti ba, kafaɗunta kawai ke girgiza. Christiana ta riƙe ta, ita ma tana yi.

Da aka yi azahar, ma'aikata suka taru a ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro suna cin shinkafa da wake. Leburori biyu suka karɓi tutoci don Basiru da Dogo su yi sallah su ci abinci. Christiana ta yi wa helma Jabiru magana a kunne. Ya goge hannu ya ce, "Jama'a, a saurara. Iyalin marigayi na da magana."

"Allah ya jiƙansa," suka amsa.

Delu ta tsaya daga gefe, idonta a kan yatsun ƙafarta. Ta fara da godiya. Muryarta ba ta kai ko'ina ba.

"Ɗaga murya mana," Basiru ya ce da cokali a hannu. "Ke da a gida kike cika mini kunne."

Aka yi 'yar dariya. Ta ja numfashi.

"Na gode da abin da kuka yi mana, ni da yara. Allah ya saka. Amma ina roƙo a fito da fitilun nan. A sauke Basiru daga titi."

Cokulan suka tsaya.

"Me kika ce?" in ji Basiru.

"Baiwar Allah," helma ya ce a hankali, "ko wani ne ya sa ki? In kamfani ne ya matsa miki, faɗa mana. Domin ke muka zauna kwana biyu."

"Ba wanda ya sa ni." Ta ƙara ɗaga murya. "Wancan karon, da aka kawo su aka fasa kafawa, ni ce. Ni na zo na roƙi Madam ta ɓoye su, don kada a sallame shi. Shi bai sani ba. Da ban zo ba, da ranar nan ƙarfe ne a tsaye a wurin, ba shi ba."

Wani ya ce, "Innalillahi." Wani ya ajiye kwanonsa a ƙasa.

Basiru ya miƙe. Fara'ar nan tasa duk ta tafi.

"Kwanansa ne ya ƙare. Ko a kan gado yake, ranar sai ya tafi. Ko kin fi Allah sani ne?"

"Ban fi ba."

"To mene ne? Kin je kin yi naki a ɓoye, yanzu kuma kin zo ki yi wani a fili. Kin shawarci Inna? Kin shawarce ni? Ina da mata, ina da 'ya'ya uku, ga naki biyu, ga tsohuwa. Tutar nan ce ke ɗora tukunya a gidan nan, Delu. Ƙarfen zai kawo miki masara?"

"Ba zai kawo ba."

"To?"

Ta ɗago kai, karo na farko.

"Inna ta haifi takwas. Biyu suka tsaya. Kai ba ka gida da la'asar, ba ka ganin ta. Tun da ka karɓi tutar nan, daga an yi la'asar take jan tabarma zuwa zaure, ta zauna tana kallon hanya, ba ta ci ba ta sha sai ta ji muryarka. Ba za ta ce ka bari ba, don tana jin kunyar marayu. Ranar da madubin mota ya yage maka hannu, ka shigo kana ba da labari kana dariya, bayan ka fita sai da na ɗaga ta daga ƙasa. Ni ba zan iya cin tuwon ba, Basiru. In na kai loma baki sai in ga kamar kai nake ci."

Can sai Dogo ya yi gyaran murya. Dattijo ne mai furfura a gemu, tun zuwanta bai yarda sun haɗa ido ba.

"Ni dai," ya ce, "tun ranar, duk sanda wayar nan ta yi ƙara sai hanjina ya murɗa. Ko a gida. 'Yata ta daina kirana, ni ma na kasa kiran ta. Filashin biyu, filashin goma, duk ɗaya ne. A fito da su."

"Kai ai dole ka ce haka, Baba Dogo," Basiru ya ce. "Kai za a bari a inuwa."

"To a ba ka. Madam, ki ba shi. Ni na yafe."

"In karɓe abincin dattijo mai baki tara a gida? A ce da ni me a gari?" Basiru ya girgiza kai. "Riƙe abinka."

Helma ya dubi Delu, ya dubi mutanensa. Ya cire hula ya sosa kai.

"To, jama'a. Da sunanta muka riƙe. Ga shi da bakinta ta saki. Akwai mai magana?"

Babu. Wasu sun sunkuyar da kai, wasu suna mata wani irin kallo da ba ta san ko tausayi ba ne ko haushi.

Basiru ya tuɓe rigar mai ƙyalli, ya ninke ta da kyau, ya miƙa wa helma. Abincinsa ko rabi bai ci ba.

"Basiru," ta ce.

"Maman Nafisa, ki je ki yi wa Inna bayani da bakinki. Duka. Har da na farkon."

Tunda aka kawo ta gidan tana amarya bai taɓa kiran ta da wannan suna ba. Ya tsallaka ramin, ya tare wani ɗan kabu-kabu, ya hau bai waiwayo ba.

Aikin bai ɗauki lokaci ba. Mutum huɗu suka turo fitilun, Dogo ya kankare ginin zanzaro da tsinke, ya goge farantin da gefen rigarsa. Aka kai ɗaya wancan bakin, aka kafa ɗaya a nan, aka jera jajayen robobi masu tsini a gabanta. Christiana ta danna wasu maɓallai, ta yi magana da na can, ta ce leburorin su fita daga titi. Ja ta kama.

Delu tana tsaye a gefen kwalta tana jiran abin hawa. Ta ga wata motar haya ta taho, ta rage gudu, direban ya leƙo yana neman mai tuta, bai gani ba, ya tsaya. Ta bayanta ma ta tsaya. Motocin wancan bakin suka fito daga kwanar ɗaya bayan ɗaya, suka ƙare. Aka ɗan yi shiru, titin ba kowa. Sai kore ta kama.

Shi ke nan. Abin da ake yi ke nan. Ta tsaya tana kallo, ja, kore, ja, kore, kabu-kabu uku suka wuce ta ba ta tsayar da ko ɗaya ba. Da ma a ce abin ya ƙi aiki, ko ya yi wuya, da ta sami inda za ta jingina zuciyarta.

Wata babbar mota shaƙe da buhunan albasa ta zo daidai lokacin da ja ta kama. Ta tsaya da huci a kusa da ita. Direban, wani mai ƙiba da tawul a wuya, ya leƙo ta taga ya ƙare wa fitilar kallo.

"Ikon Allah! Abin har ya zo nan?" Ya dubi Delu. "Baiwar Allah, 'yar nan ce ke? Ina mutumina mai tuta? Ɗangana, wani mai yawan dariya. Wata biyar ban biyo hanyar nan ba, ina can Legas mota ta kwanta mini."

Delu ta kawar da kai, ta dubi kwanar.

"Sun sallame shi ko? Saboda wannan ƙarfen?" Ya buga sitiyari. "Kai, mutane ba tsoron Allah! Mutumin kirki, rana ta dake shi, ruwa ya dake shi, bai taɓa zagin kowa ba. Duk wanda ya raba shi da wurin nan, Allah ya isar masa."

Ya juya ya laluba bayan kujera, ya fito da wata leda cike da albasa manya-manya, ya miƙo ta taga.

"Duk zuwa nakan ajiye masa. Kin san gidansa?"

"Na sani."

"To don Allah ki kai masa. Ki ce Zulkiflu mai albasa yana gaishe shi. Ki ce ya yi haƙuri, wani abincin na gaba."

Ta miƙa hannu biyu ta karɓa. Ledar ta fi yadda ta zata nauyi. Kore ta kama, na baya suka fara hon, direban ya sa giya.

"Kada ki manta fa!"

"Zai ji," ta ce.